Gumi a Gaban Allo: Tarihin Wasannin Bidiyo Masu Motsa Jiki

Tun da wasan bidiyo ya shiga gidajen Amurka da Japan, iyaye da likitoci ke ɗora masa laifi guda: yana dasa yaro a wuri ɗaya, ba abin da ke motsi a jikinsa sai 'yan yatsu. Masu ƙera na'urorin kuwa tun da wuri suka tanadi amsa, wai abin da ya zaunar da yaro shi zai tayar da shi. Kamfanin Atari ya fara gwada hakan a 1982 da wani shiri mai suna Puffer, keken motsa jiki da ake jona wa na'urar wasa, yadda saurin taka feda zai zama saurin abin da ke gudu a allo. Kafin keken ya kai kasuwa, cinikin wasannin bidiyo a Amurka ya durƙushe a 1983, aka jingine shi. Daga nan zuwa yau, ba a rufe shekara goma sai an fito da sabuwar na'ura, yau tabarma, gobe sikeli, jibi kyamara, ana shelar cewa wannan karon an gano bakin zaren. Wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga ba a na'ura gizo ke saƙa ba. Tayar da mutum tsaye na yini ɗaya abu ne mai sauƙi, an iya shi tun zamanin tabarmar roba. Abin da ya gagari yawancin masu tsara wasannin shi ne ba mutum dalilin dawowa bayan wata biyu, kuma 'yan kaɗan da suka dace da hakan, galibinsu ba lafiya suka fito sayarwa ba.

Cikin na farko da suka kai kasuwa akwai Joyboard, wani allon tsayawa da kamfanin Amiga ya yi wa na'urar Atari 2600 a 1983: mutum ya hau, ya karkata dama ko hagu, ɗan zamiyar ƙanƙara da ke allo ya bi shi. Bai yi kasuwa ba. Wadda ta bar suna ita ce Family Trainer da Bandai ya fitar a Japan a 1986, tabarmar roba mai da'irori da ake takawa, wadda Nintendo ya karɓa ya fitar a Amurka a 1988 da sunan Power Pad. Wasan da aka fi saninta da shi, World Class Track Meet, na guje-guje da tsalle-tsalle ne. Yaro na gudu a wuri ɗaya, ƙafafunsa na dukan da'ira biyu, ɗan tseren da ke allo na ƙara wuta gwargwadon yawan dukan. Ba a jima ba yara suka gano abin da injiniyoyi ba su hango ba, wato tabarmar ba ta san ƙafa ba, matsi kawai ta sani. Sai yaro ya durƙusa a gefenta ya dinga lugudar da'irorin da tafin hannu, ya yi gudun da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba. In aka zo dogon tsalle, ya daka tsalle ya dira a ƙasa gefen tabarma, ya ɗan jira, sannan ya sake takawa, na'ura kuwa ta ɗauka duk lokacin nan yana sama. Kuskure ne a kira wannan lalaci. Jiki ne ke yin abin da ya saba, neman hanya mafi arha zuwa ga abin da yake so. Muddin daɗin wasa yana cikin maki, gumi kuma kuɗin shiga ne kawai, to mai wasa zai nemi ragi, kuma zai samu.

Wasu suka biyo ta ɗaya ƙofar, suka ɗauko kayan ɗakin motsa jiki suka manna musu wasa. A 1994 kamfanin Life Fitness ya fitar da Exertainment, keke na gaske da ke aiki da na'urar Super Nintendo, da wasan tseren keke a kan tsaunuka. A nan ba halin maguɗi, gumin ma na gaske ne, sai dai keken na da tsada, wasan kuma bai kai ya ja wanda ba shi da niyyar motsa jiki tun farko ba. Wanda ke da niyyar kuwa ba ya buƙatarsa.

Abin da ya sauya lissafi ya fito ne daga inda ba a maganar lafiya ko kaɗan. A 1998 kamfanin Konami ya kafa Dance Dance Revolution a gidajen wasa na Japan, irin waɗanda ake jefa tsabar kuɗi a inji kafin a yi wasa. Kamfanin ne ya fitar da wasan kiɗa na Beatmania shekara guda kafin nan, abin da ke gabansa kuma raha ce da ciniki. Injin na da dandamali biyu na ƙarfe kafaɗa da kafaɗa, kowanne da kibiya huɗu a ƙasa, gaba, baya, dama da hagu. Kiɗa na tashi, kibiyoyi na hawowa daga ƙasan allo, mai wasa ya taka wadda ta dace daidai lokacin da ta iso layin sama. Ya yi kuskure da yawa, ma'aunin da ke allo ya ƙare, wasa ya mutu a tsakiyar waƙa, kuɗinsa ya tafi. Abubuwa uku suka haɗu a wannan inji waɗanda tabarmar Bandai ba ta da su. Takun shi ne daɗin, domin bin kiɗa da ƙafa abu ne da jiki ke so ko ba maki. Sannan wahalar wasa da wahalar jiki tafiyarsu ɗaya: waƙa mai sauƙi tafiya ce, mai wuya kuwa gudu ne na haƙiƙa, duk wanda ke son ya ƙware dole numfashinsa ya ƙware tare da shi. Na uku, wanda aka fi mantawa, injin a bainar jama'a yake. Masu jiran layi na kallo, abokin karawa na gefe, ba wanda zai durƙusa ya buga da hannu a gaban taro. Matasan da ba su taɓa leƙa filin wasanni ba suka riƙa fitowa daga gidajen nan riga sharkaf da gumi, ba tare da kowa ya yi musu wa'azin ƙiba ba. Maganar lafiya daga baya ta biyo: nau'in gida ya zo da lissafin ƙarfin da aka ƙona, a 2006 kuma jihar West Virginia ta Amurka, wadda ke fama da ƙibar yara, ta sanar da shirin saka wasan a makarantun gwamnatinta 765.

Masana sun ba wannan haɗuwa suna. A 2007 Jeff Sinclair da abokan aikinsa biyu a wata jami'a ta Ostareliya suka bayyana cewa irin wannan wasa na da ma'auni biyu da dole su daidaita lokaci guda. Ɗaya na zuciya ne, kada wasa ya yi sauƙin da zai gunduri mutum ko wuyar da za ta sa ya yi fushi ya bari. Ɗayan na jiki ne, kada aikin ya gaza abin da zai amfane shi ko ya wuce ƙarfinsa. Matsalar ita ce ma'aunan biyu ba sa girma tare. Ƙwaƙwalwa kan gane dabarar wasa cikin 'yan kwanaki, tsoka da huhu kuwa sai an yi makonni ana fama kafin su sauya. A tazarar da ke tsakani ne yawancin wasannin ke mutuwa.

Wii, wanda Nintendo ya fitar a ƙarshen 2006, shi ya kai wannan harka kowane falo. An sayar da na'urar sama da miliyan 100, Wii Sports da ke zuwa tare da ita a yawancin ƙasashe kuma ya wuce kwafi miliyan 80. Ana riƙe rimot ne a wurga hannu kamar ana buga tanis ko dambe, kuma a watannin farko mutane sun yi wurgin da zuciya ɗaya har igiyar da ke ɗaure rimot a wuyan hannu ta riƙa tsinkewa ana fasa talabijin, kamfanin ya ɗauki nauyin sauya igiyoyi fiye da miliyan uku. Amma rimot ɗin ma, kamar tabarmar da ta gabace shi, bai san jiki ba, fizga kawai ya sani. Wanda ya ƙware sai ya koma kujera ya riƙa kaɗa wuyan hannu, ya cinye wanda ke tsaye yana haki. A 2007 masu bincike a Jami'ar Liverpool John Moores suka auna matasa suna wasan, suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ cewa ya fi wasan zaune ƙona ƙarfi, amma bai kai tanis ko damben gaske ba, bai kuma kai zafin da za a lissafa shi cikin motsin da ake so yaro ya yi kullum ba.

Mai musu zai ce to ina aka bar Wii Fit? Ga wasan da ya fito ƙarara da sunan lafiya a ƙarshen 2007, bai ɓoye manufarsa ba, ya kuma sayar da kwafi sama da miliyan 22, magajinsa Wii Fit Plus ya ƙara wasu miliyan 21. Asalinsa ma mai kyau ne: Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, ya ɗauki ɗabi'ar hawa sikeli kullum yana rubuta nauyinsa, ya ga ana iya mayar da hakan abin da iyali za su yi tare. Allon da ake tsayawa a kai na da ma'auni a kusurwoyi huɗu, yana gane inda nauyin mutum ya karkata, har likitocin gashin ƙashi suka ɗauke shi aiki. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai adadin ciniki niyyar mai saye yake nunawa ranar da ya shiga kanti, ba ya faɗin abin da ya auku a falo bayan wata uku. Wannan tambayar Tom Baranowski da abokan aikinsa a Houston suka bi. Sun raba wa yara 'yan shekara 9 zuwa 12 na'urar Wii, rabi suka zaɓi wasannin motsi, rabi na zaune, aka ɗaura musu ma'aunin motsi a ƙugu, aka bar su su yi yadda suka ga dama a gida na kimanin wata uku. Sakamakon da ya fito a mujallar Pediatrics a 2012, daga yara 78, bai nuna wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. Ko dai yaran sun daina wasan, ko sun gano hanyar ragi, ko kuma sun rama motsin da ƙarin zama a sauran yini. Abin lura, cikin wasannin motsin da aka ba su zaɓi har da nau'in gida na Dance Dance Revolution. Wasan da ya jiƙa matasa da gumi a gaban taro, da aka kai shi ɗaki aka bar yaro shi kaɗai da tabarma, bai tsinana abin a zo a gani ba. Wani gwaji a New Zealand da ya bi yara 322 masu ƙiba na wata shida ya samu ɗan sauƙi a nauyinsu, kuma adalci ne a faɗa, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da alkawuran da ke jikin kwali.

Da ingancin na'ura ne maganin, da Kinect ya gama magana. Kyamarar da Microsoft ya fitar a 2010 na ganin jiki gaba ɗaya, gaɓa bayan gaɓa, ba a riƙe komai, maguɗi kuma ya yi wuya. An sayar da miliyan takwas a kwana sittin na farko. A 2017 aka daina ƙera ta, domin tana son fili mai faɗi da gidaje da yawa ba su da shi, wasannin da za su riƙe mutum kuma ba su zo ba. A gefe guda ga Just Dance na Ubisoft, wanda ya fito a 2009 yana dogaro da rimot ɗaya a hannun dama. Masu sharhi sun yi masa ba'a saboda raunin ganinsa, kuma sun yi gaskiya, ana iya cin maki a zaune. Amma mutane suka riƙa rawa da duk jikinsu alhali na'ura hannu ɗaya take gani, saboda akwai kiɗa, akwai 'yan'uwa a ɗaki ana dariya. Har yau kowace shekara sai an fitar da sabon bugu, ya binne kyamarar da ta fi shi ido.

Wayar hannu ta fitar da wasan daga falo zuwa titi. Tunanin ba sabo ba ne, tun 1998 Nintendo ya yi Pocket Pikachu, ɗan ma'aunin taku da ake maƙalawa a ƙugu, a 2012 kuma Zombies, Run! ya sa masu gudu sauraron labari a kunne ana bin su a guje. Amma ba a taɓa ganin irin Pokémon Go ba, wanda Niantic ya saki a watan Yulin 2016: halittun wasan na warwatse a taswirar gari ta gaske, sai an taka an je, ƙwai kuma a lokacin ba ya ƙyanƙyashewa sai an yi tafiyar kilomita biyu, biyar ko goma. Masu bincike a Harvard suka duba ƙidayar takun da wayoyin matasa fiye da dubu suka adana. A makon farko masu wasan sun ƙara taku 955 a yini. Ƙarin ya dinga raguwa, zuwa mako na shida ya ɓace. Yadda kamfanin ya tunkari lamarin shi ne abin dubawa. Bai nemi sabon ma'auni ba, taro ya nema. A 2017 ya kawo manyan dodanni da mutum ɗaya ba ya iya kayarwa sai an haɗu a wuri guda, daga Janairun 2018 kuma ya ware rana a kowane wata da 'yan wasa ke fitowa lokaci ɗaya. Yawancin taron 2016 ya watse, amma waɗanda suka rage sun rage ne tare da abokan tafiya.

Za a iya kawo Ring Fit Adventure da Zwift a ce ai ga masu sayar da motsa jiki a fili da suka yi nasara. Na farkon, wanda Nintendo ya fitar a Oktoban 2019, ya wuce kwafi miliyan 15, ko da yake kullen korona ya taimaka masa har ya yi wuyar samu a farkon 2020. Amma a duba yadda aka gina shi. Zoben da ake matsawa yana turjiya da gaske, ba a yaudararsa da kaɗa hannu. An kuma naɗe atisayen cikin dogon labarin yaƙi da wani dodo mai ƙirar 'yan ɗaga ƙarfe, kowane nau'in motsi da launinsa, na hannu ja, na ƙafa shuɗi, na ciki rawaya, abokan gaba kuma kowanne da launin da ya fi ji masa ciwo, don haka neman nasara da kansa ke hana mutum liƙe wa motsin da ya fi masa sauƙi. Har ma wasan kan ce wa mai shi ya isa haka yau, ya je ya huta, dabarar da ke kare lafiya tana kuma adana ɗoki zuwa gobe. Zwift kuwa, da ya fara a 2014, keken Atari ne da ya samu abin da ya rasa, wato mutane. Tudu ya bayyana a allo, feda ta yi nauyi a ƙafa, dubban masu keke daga ƙasashe daban-daban na kan hanya ɗaya, har hukumar tseren keke ta duniya ta gudanar da gasar duniya a cikinsa a Disambar 2020. Su biyun ba su rushe hujjar ba, darasin suka koya.

Musu mafi ƙarfi shi ne na wanda zai ce duk wannan wahalar banza ce, a kashe allo a fita waje. Yana da gaskiya babba. Langa ta haɗa duk abin da injiniyoyin Japan suka yi shekaru suna nema, motsin shi ne wasan, ba a maguɗi a gaban tsara, ba kuma wanda ya taɓa shiga don ya rage tumbi. Inda yaro ke da fili da abokai, sayen na'ura asarar kuɗi ce. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsi a mako, yaro kuma awa guda a yini, ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manya ba su kai ba, cikin matasa kuwa fiye da kashi 80 ne ba sa kaiwa. Waɗannan mutane sun san akwai waje. Cikinsu akwai tsoho mai tsoron faɗuwa, da mazaunin bene a birnin da sanyi ko zafi ke hana fita, da yarinyar da ke jin kunyar gudu a gaban mutane. Su ne wasan zai iya yi wa rana. Ko a nan ɗin ma gara a yi hattara da zuzutawa. Wani gwaji da aka jagoranta daga Toronto, aka wallafa a 2016, ya raba masu jinyar shanyewar ɓarin jiki 141 gida biyu, wasu na ƙarin atisaye da Wii, wasu da karta da jera 'yan katakai da wasan ƙwallo. Hannun kowane ɓangare ya samu sauƙi, ba wanda ya fi wani.

Akwai dalilin da ya sa darasi mai sauƙi haka ke ta ɓacewa ana sake gano shi, kuma a aljihu yake. Injin Konami sai an dawo an sake jefa kuɗi yake cin riba, don haka dole ya iya jan mutum gobe. Mai sayar da tabarma ko sikeli kuwa ya gama cin ribarsa ranar da aka biya, ko da kayan za su ƙare a ƙarƙashin gado, abin da yake buƙata kawai shi ne mai saye da ke jin nauyin ƙibarsa a watan Janairu. Kuɗin wata-wata irin na Zwift da 'yan saye-sayen cikin wasa irin na Pokémon Go sun dawo da tsohon lissafin gidan wasa, shi ya sa masu su suka fi damuwa da dawowar mutum. Sai dai son ka dawo daban, son ka motsa daban. A 2020, da kulle ya hana fita, Niantic ya fara sayar da tikitin yaƙar dodanni daga gida, jama'a suka rungume shi hannu biyu-biyu. A Afrilun 2023 kamfanin ya ƙara wa tikitin kuɗi, ya kuma taƙaita shi zuwa biyar a yini, yana cewa asalin wasan fita ce a haɗu. 'Yan wasa suka yi ca a kansa, cikinsu har da naƙasassu da mazauna ƙauyuka da ba su da taron da za su haɗu da shi, kuma kokensu ba na raggwaye ba ne. Kamfanin bai janye a lokacin ba. A 2025 ya sayar da sashen wasanninsa ga Scopely, mallakar wani kamfanin gwamnatin Saudiyya, a kan dala biliyan uku da rabi.